Kunun Kanwar Hafiza

Akwai tsoron da ke tsirar da mutum, akwai wanda ke cinye shi. Mafi muni shi ne tsoron bakin mutane, kuma shi ya ci Muttaka, wani manomi a Damari.

Matarsa Hafiza ta yi ciwon daji, irin mai fitar da kaluluwa a wuya da hammata. Ya sayar da shanun huɗarsa ya kai ta asibiti a birni, aka yi ta ɗura mata wani magani ja ta jijiya har gashinta ya zube. Allah ya ba ta lafiya. Ranar sallama likita ya zaunar da su, ya ce, "Maganin da ya kashe ciwon nan yana raunana zuciya, ko bayan shekaru. A riƙa kawo ta awo. In ta sami ciki mu sani. In ta haihu, ban da kanwa, ban da gishiri mai yawa, ban da wankan tafasasshen ruwa."

Muttaka ya ji da kunnensa. Amma a gida cewa ya yi ciwon shawara ne ya kama ta, don a garinsu gidan da aka ce akwai daji, ko ƙanwarka ba mai zuwa nema. Ya sa Hafiza ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Awon ma sau ɗaya suka koma, kada a tambayi abin da ke kai su birni.

Bayan shekara biyu ta haifi ɗiya mace. Uwar Muttaka, Inna Hamida, ta ɗora tukunya, ta karyo ganyen darbejiya, ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Safe da yamma tana fyaɗa wa mai jego ruwan zafi, sannan ta dama kunu da kanwa har ya yi kauri, ta tsaya a kanta sai ta ga gindin kwanon.

Muttaka na zaure yana jin ƙarar ganyen a jikin matarsa. Kullum sai ya ce yau zai yi magana. In ya shiga ya ga idon tsohuwa, sai ya ce, "Inna, sannu da aiki."

Kafin suna ƙafafun Hafiza sun kumbura. Ya danna da yatsa, wurin ya lotsa, bai taso ba. Bayan suna ta daina iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutse da tulu.

Wata rana da hantsi ta riƙe masa gefen riga. "Malam, ka gaya wa Inna. Ni ka ɗaure mini baki, kai ne za ka kwance."

"Ki daure, arba'in ta kusa."

"Ƙirjina kamar an aza turmi. Tsoro nake ji."

Ya fita tsakar gida, ya tsuguna gaban tsohuwa. "Inna, da an rage kanwar nan."

"Mi ka sani game da jego?" in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kumburin nan sanyi ne ya shige ta, ƙari ma take so. Da kanwar ga na goye ka, ga ka nan ƙato kamar rumbu. Ko akwai abin da ban sani ba?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Ya dubi matan maƙwabta biyu da ke zaune suna ɓarar gyaɗa, kunnuwa a miƙe. Ya ce, "Babu, Inna."

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Rannan da la'asar, ana tsakiyar wanka, Hafiza ta sulale. Da aka fito da ita tana tari, kumfa mai ruwan hoda na fita a bakinta. Sai a lokacin Muttaka ya buɗe baki, a gaban matan da yake tsoro, ya faɗi dajin, ya faɗi jan maganin, ya faɗi gargaɗin likita. Ganyen ya faɗi daga hannun Inna Hamida.

Aka samo mota don a kai Hafiza asibitin Funtuwa. Muttaka na rungume da kanta, yana jin zuciyar na bugawa kamar tsuntsu a tarko, tana tsayawa, tana sake tashi. Ba su kai Funtuwa ba, rai ya yi halinsa.

To ga abin da shirunsa ya ci. Matar da daji ya bari, ya rasa ta. Shanun da ya sayar don ta rayu sun tafi a banza. Jaririyar, Yahuza wan Hafiza ya zo daga Mairuwa ya ɗauke ta, ya ce ba za ta tashi a gidan da ake ɓoye ciwo ba. Inna Hamida, da Muttaka ya bari ta dama kunun da hannunta, ba ta ƙara duban fuskarsa in yana gaishe ta ba. Sirrin kuwa, kafin a dawo daga maƙabarta babu gidan da bai shiga ba a Damari.