Sarauniyar Malam Zailani

"Kai Sha'aban, mayar min da ita inda na ajiye!"

Malam Zailani ke nan, maƙwabcina, tsohon malamin lissafi, yana kishingiɗe a zaurensa ba lafiya, allon ces, darar Turawa, a tsakaninmu. Shekara ashirin muna bugawa bayan La'asar, tun dawowarsa daga koyarwa a Sandamu. Ranar nan ya ɗauki sarauniyarsa, wadda babu mai ƙarfinta a allon, ya dangwarar a bakin dokina. Kyauta! Ni kuwa na mayar masa da ita gidanta.

"Malam, jiki ne. Sake dubawa."

"Ciwon a ƙirji yake, ba a kai ba. Ci abinka."

Ban ci ba. Wallahi tausayi ne ya kama ni, mutumin da ko soja ɗaya bai taɓa ba ni a banza ba. 'Yarsa Rahama ta shigo da kunu, muka haɗa ido, ta girgiza kai. Ashe ya gan mu.

"Har kai ma kana ganin na rikice?"

Na ce gobe ma ƙarasa. Ya juya fuska bango. Washegari da hantsi aka kai shi asibiti, bayan kwana biyu ya rasu.

Bayan addu'ar uku na zo tattara allon. Rahama ta ce, "Baba Sha'aban, dakata." Akwai manhajar ces a wayarta, shi ya sa ta saka don ta riƙa taya shi wasa. Ta jera 'ya'yan a waya yadda suke a allo, ta tambaye ta abin da ya kamata Malam ya buga.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba, wayar ta ɗauki sarauniya ta ajiye a bakin dokina.

"Ta ce in ka ci, taku shida sarkinka ya mutu."

"Haba! In na ƙi ci fa?"

"Taku huɗu."

Muka bi kowace hanya, babu mafita. Rahama ta rufe fuska da mayafi. Ni kunya ce ta fi yi min ciwo, don da wannan kallon namu ya tafi.

Na mayar da sarauniyar inda ya ajiye ta, na sa doki na cinye.

"Na ci, Malam. Saura kai."

Na juya allon ya fuskanci tabarmarsa, na zauna har aka kira Magariba.