Jakin Malam Hamidu

Mu'azu ya durƙusa a gefen tabarma yana jiran tarin Malam Hamidu ya lafa. Ɗakin sai warin tazargade. Idris, babban ɗan Malam, mai aikin sikelin gyaɗa a kantin Turawa, yana jingine a bakin ƙofa, ko gaisuwar Mu'azu bai amsa ba.

Malam Hamidu marini ne a Tudun Wada. Da ya ɗan tara abin hannu, aka ba shi shawara ya kai asusun gidan waya kuɗin su riƙa haihuwa, ya ce shi bai san sule da mahaifa ba. Sai ya sayi jaki ya danƙa wa maƙwabcinsa Mu'azu: jaki na Malam, wahala ta Mu'azu, yana dakon kaya tsakanin Magami da Gusau, abin da Allah ya kawo a raba biyu. Ana nan, daminar bana gulbi ya tafi da jakin. Idris ya ce sai an biya, ko da gonar Mu'azu ce. Gonar nan kuwa ita ke ciyar da gidansa, shi ya sa tsoro ya hana shi sakat.

"Mu'azu," in ji Malam da ƙyar, "kaya kal labta ma jakin hiye da ƙarhinai?"

"A'a, Malam."

"Kai ɗai kash shiga ruwan?"

"Da mutanen Magami munka shiga. Nasu sunka hita, namu yat tahi."

"To, nawa yat tahi. Sadda anka samu, ai na ci. In na amshi gonarka yanzu, kuɗin ruwa na ci ke nan, ga kuwa inda nin nuhwa." Ya karkato ido wajen ƙofa. "Idi, ka jiya? Kira mani Liman shi shaida."

Idris ya sa takalmi ya fita, ba da wani sauri ba. Kafin su iso, rai ya yi halinsa, har Mu'azu ya shafe wa Malam idanu.

Bayan azahar aka ajiye makara a ƙofar gida. Liman ya juyo ga jama'a ya yi tambayar da aka saba: akwai mai bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ke bi? Mu'azu ya san maganarsa ba ta da nauyi, tunda shi ne mai gona, kuma ban da shi mutum ɗaya ne ya ji abin da Malam ya faɗa. Ya dafa ƙasa zai miƙe.

"Babu," in ji Idris, kansa a sunkuye. "Baba ba ya bin kowa."

Aka yi salla, aka ɗaga makara. Da Mu'azu ya matso, Idris ya ɗan gusa gaba ya bar masa wurin kafaɗa, suka miƙi hanyar maƙabarta.