Hancin Hajiya Sa'adiya

A 'Yargoje in an ce daddawa, to ta Hajiya Sa'adiya ake nufi. Shekara ashirin da ɗoriya tana dafa kalwa a bayan ɗakinta, kuma ba ta taɓa ƙirga kwanakin rufi ba. Sauran mata sukan ce kwana uku ake buɗe kwando. Ita sai ta ɗaga gefen buhun da ta lulluɓe shi, ta shaƙa sau ɗaya, ta ce da sauran rabin yini. In an duba kuwa, da sauran. Saboda wannan hancin ne Alhaji Nata'ala, mai rumfar kayan miya a kasuwar Ƙanƙara, yake ajiye babur a ƙofar gidanta duk mako ya kwashe kusan duk abin da ta yi.

Sai hancin ya yi mata tawaye. Abin ya soma kamar mura a ƙarshen damina, amma murar ta ƙi tafiya. Goshi ya yi nauyi, kumatu na zogi in ta sunkuya, majina mai kauri ta tare ko'ina. Ta yi sirace da ganyen darbejiya, ta shaƙi habbatus sauda, ta ci tafarnuwa har mijinta Malam Badamasi ya fara shimfiɗa tabarmarsa nesa da ita. Ita ba ta ga dalili ba, don ba ta jin wari, ba ta jin ƙanshi. Ta koma ƙirga kwana kamar kowa, ta ɓoye wa kowa abin da ya samu hancinta. Sau biyu ta buɗe kwando da wuri, sau ɗaya ta bar shi ya zarce.

"Hajiya, masu saye sun hwara magana hwa," in ji Alhaji Nata'ala a zaure, yana jujjuya curin daddawa a hannu. "In haka za ta ɗore, sai dai in nemi wani wuri."

Wani wurin kuwa bai wuce katanga ɗaya ba. Suwaibatu ce, ƙanwar Hajiya uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta dawo daga Sabuwa bayan rasuwar mijinta. Hajiya ce ta koya mata sana'ar da hannunta, don ta samu na cefane. A lokacin har dariya take mata, wai Suwaibatu ba ta iya bambance kalwar da ta dahu da tsakuwa. Yanzu kuwa yaran unguwa sun fara wuce ƙofar Hajiya da kwanonsu suna shiga ta gaba. Duk yaron da ya wuce, Hajiya na ganinsa ta kafar zana, kuma kishi na cin ta kamar wutar kara.

Ɗanta Mas'ud, malamin makaranta a Ƙanƙara, shi ya matsa sai da ta je asibiti. Likita ya haska mata fitila a hanci, ya danna mata kumatu har ta ce wash. Ya ce akwai wasu 'yan ramuka a cikin ƙashin fuska, nata sun kumbura sun cika, ciwon da ake kira sainos ke nan. Ya rubuta ƙwayoyi da maganin fesawa a hanci, ya nuna mata yadda za ta riƙa wanke hancin da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma. Sannan ya tambayi sana'arta. Da ya ji, ya ajiye biro.

"Hajiya, mako shida ba ke ba hayaƙi. In kin koma bakin murhu, kin zubar da maganin nan a ƙasa."

Mako shida! Kalwa kuwa yini guda take sha a kan wuta. A hanyar komawa, hoton babur ɗin Alhaji Nata'ala a ƙofar Suwaibatu kawai Hajiya take gani.

Da la'asar sai ga Suwaibatu ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ta. "Yaya, ki bar mani tukunyar. Ni in dahwa a gidana, in ta bushe a ƙetaro da ita nan, Alhaji shi ɗauka kamar kullum. Wa za shi sani? Sana'ar ai taki ce, ke kika ba ni."

Da ta zo da gadara, da Hajiya ta san abin da za ta ce mata. Amma ta zo da zuciya ɗaya, abin da ya fi ƙona ran Hajiya ke nan. Ta kawar da kai ta ce, "Ki dai kula da kanwa, hannunki ya cika nauyi."

Haka aka yi. Hajiya na ɗaki da butar ruwan gishiri, tana fesa magani tana tsaki, hayaƙin kalwarta na tashi daga gidan ƙanwarta. Mako na biyu Alhaji Nata'ala ya karya curi ya shinshina, ya washe baki.

"Alhamdu lillahi! Hajiya, an ce mani kin tahi asibiti, ga shi kuwa na gani. Wanga likita ya san aiki. Ai daddawarki ba ta taɓa kai haka ba."

Hajiya ta ce, "Ikon Allah ne." Ta koma ciki ta zauna a bakin gado. Tun da take ba a taɓa yabon ta ya yi mata ɗaci irin na ranar ba. Labari ya bazu har kasuwar Sheme, wai Hajiya Sa'adiya ta warke, hannunta ya ƙara albarka. Mata na shigowa barka, tana amsawa, Suwaibatu na gefe tana taya ta amsawa da fara'arta. Sau da yawa Hajiya kan saci kallonta, tana neman ko ɗan alamar izgili a fuskar, ta rasa.

Nauyin goshi ya sauka a mako na uku, barci ya dawo, majina ta tsinke. Ƙanshi ne ya yi jinkiri. Sai wata safiya a mako na shida, Suwaibatu ta ƙetaro da faifan daddawa, ta ajiye a tsakar gida. Hajiya na wucewa abu ya daki hancinta. Ta tsaya cak. Ta ɗauki curi ɗaya ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa. Babu ɗoyin zarcewa, babu gafin ɗanye, ta nuna daidai har ciki. Hancin da ta yi ta roƙon Allah ya dawo mata da shi, abin da ya fara gaya mata ke nan.

"Yaya, kin ji wani abu?" in ji Suwaibatu da murna.

"Kanwa ta yi yawa," in ji Hajiya. "Gobe ki maido mani tukunyata."

Ta sa Mas'ud ya sayo mata kalwa mai kyau daga Tafoki. Ta ɗaure hanci da baki da ƙyalle saboda hayaƙi, ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe. Ba ta bar kowa ya taɓa ko muciya ba. Ta shaƙi kwandon sau ɗaya kamar dā, ta buɗe shi a kan kari. Daddawa ta yi kyau, irin wadda ta yi shekara ashirin tana yi, ba ragi ba ƙari. Ta jera ta a faifai da kanta ta kai zaure.

Alhaji Nata'ala ya karya curi, ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Ya ɗaga kai ya dube ta cike da tausayi.

"Subhanallahi. Hajiya, halan ciwon ne ya dawo?"