'Yar Mai Burodi

Tun tana ƙarama a gidansu ake kiranta Uwar Barci, sunan kuma ya bi ta har gidan aure, har shagon ɗinkin labule inda take aiki. Ba ta jin haushinsa, don gaskiya ne. Takan yi gyangyaɗi a cikin bas, ta yi a layin banki, ta taɓa yi ma a tsaye da ƙarfen guga a hannunta, sai da ƙaurin yadi ya farkar da ita.

Shagon yana hawa na biyu a wani dogon gini, tagoginsa manya, yadudduka rataye ko'ina. In rana ta juyo takan ratso ta cikinsu, sai ɗakin ya koma ruwan zuma daga nan, shuɗi-shuɗi daga can. A daidai lokacin ne, bayan ta ci burodinta da shayi, cikinta kan kumbura ya yi tauri, kanta ya yi nauyi. Ƙarar kekunan ɗinki takan ja baya, ta zama kamar ruwan sama a wata unguwa. Tana ganin bakin mutane yana motsi, maganar kuma sai ta makara kafin ta iso kunnenta. Wani lokaci takan kalli hannunta yana tura yadi ƙarƙashin allura, ta yi mamakin na wane ne.

An sha ba ta maganin ƙarin jini. Ta sha, jinin ya ɗan hau, ya sake sauka. Maigidanta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, in ya dawo yakan ce wahalar aiki ce. Ita ma ta yarda haka Allah ya yi ta.

Babanta tsohon mai gidan burodi ne. Ya bar sana'ar bayan rasuwar mahaifiyarta, amma hannunsa ya ƙi bari. Yana da ɗan ƙaramin murhun gashi a kicin ɗinsa, kowace safiya yakan hawo matakalar gidanta yana hutawa a kowane hawa, da burodi mai ɗumi naɗe cikin tawul. Ba mai yawan magana ba ne. Zai ajiye a tebur, ya tsokani 'yarta, jikarsa, wadda yake kira Tsuntsuwa saboda tsattsagar abinci da take yi, ya ce, “Amarya, yau ma ba a yi wa ango shayi ba?” Yarinyar ta murguɗa baki, shi kuma ya sauka abinsa.

Sai ƙanwarsa da ke wani gari ta karye a ƙafa, ya tafi jinya, ya jima can. Uwar Barci ba ta iya cin burodin kanti, don Baba ya rene ta a kan cewa wannan soso ne aka shafa wa sukari. Haka nan ta koma dafa dankali da ƙwai da safe, da rana ta tafi da shinkafa a kwano.

Ba ta lura da ranar da sauƙin ya fara ba. Mai shagon, wadda duk suke kira Anti, ita ta fara gani. Wata azahar ta tsaya a kanta da almakashi a hannu.

“Ke, lafiya kuwa? Rana ta juya idonki biyu.”

“Ni ma ban sani ba, Anti.”

“Wa ya yi miki magani? Ki faɗa mana mu kai mazanmu.”

Aka yi dariya. Ita kuwa tana kallon yadin da ke gabanta. Ta daɗe tana ɗinka irinsa, a zatonta fari ne zalla, ashe akwai ƙananan ganyaye saƙe a jikinsa, kowanne da jijiyarsa. Da aka tashi ba ta hau bas ba, ta taka da ƙafa. Ta ji ƙanshin lemon da ake yankawa a bakin titi. Ta ga ashe akwai agogo a saman ginin gidan waya, kuma yana aiki. Duk hanyar ta zame mata kamar garin da ta taɓa gani a mafarki, yau aka kawo ta ta gan shi da ido.

Ranar hutu ta dafa taliya ita da Tsuntsuwa. Kafin yamma cikin ya kumbura, nauyin kan ya dawo, ta kwanta a doguwar kujera tana kallon rufin ɗaki yana nisa. Da ta faɗa wa Anti, sai Anti ta ce, “To ai fulawa ce. Burodi fulawa, taliya fulawa. Ki je asibiti ki faɗa musu haka, kar ki tsaya kame-kame.”

Likitar mace ce mai sanyin murya, da tabarau rataye a wuya. Ta saurare ta har ƙarshe, ta yi tambaya a kan bayan gida, da ƙurajen baki, da ƙarancin jinin nan da ya ƙi ji. Sannan ta ce akwai wani sinadari a cikin alkama da sha'ir da ake kira gulutin. Wasu yana damun cikinsu ne kawai. Wasu kuwa jikinsu yakan ɗauke shi abokin gaba, garin faɗa da shi sai ya ɓata bangon hanji, abinci ya riƙa wucewa ba ya amfanar jiki. Wannan ita ce cutar siliyak.

“Wacce nake da ita a ciki?”

“Sai mun gwada. Amma ga inda wuyar take. In kin daina cin alkama, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali ba haka ba ne. Sai kin koma cinta kullum na 'yan makonni, sannan mu ɗebi jini, in ya nuna mu duba hanjin.”

Uwar Barci ta dubi waje. Ta tagar ofishin tana hango wata bishiya, tana iya rarrabe ganyenta ɗaya bayan ɗaya.

“Likita, in na bar ta kawai ba tare da gwajin ba fa?”

“Za ki iya, ba wanda zai tilasta ki. Sai dai in siliyak ce, ko ɓurɓushi a wuƙa yana yi miki lahani, ko kin ji a jikinki ko ba ki ji ba. Kuma takan bi jini. In ta tabbata, zan so mu gwada 'yarki da iyayenki.”

Ta tuna Tsuntsuwa da siraran hannuwanta, da yadda take ture faranti ta ce ta ƙoshi. Ta ce za ta yi.

A makon Baba ya dawo. Ya hawo da tawul ɗinsa, ya rame kaɗan, yana murmushi. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ya saurara yana shafa gefen tebur da babban yatsa.

“Burodina ne ke sa miki ciwo?”

“Ba naka kaɗai ba, Baba. Duk abin da aka yi da alkama.”

“Ruwa ne, da gishiri, da yisti, da fulawa. Ban taɓa sa wani abu ba.”

“Na sani. Likita ma ta ce in ci gaba da ci har a yi gwajin.”

“To ai shi ke nan,” in ji shi, ya ɗauko wuƙa ya yanka mata da kansa. Ta ci yana kallo. Burodin ya yi daɗi fiye da yadda take tunawa, ɓawon yana ƙaras-ƙaras, cikin yana tururi. Ta cinye, ta karɓi ƙari.

Makonnin da suka biyo baya ba ta riƙe su da kyau ba. Ta koma inda ta fito, sai dai yanzu ta san akwai waje. Takan zauna gaban keke, hasken zuma ya lulluɓe ta, ta ga kanta tana ƙarama a gidan burodin Baba, zaune a kan buhun fulawa, ƙurar tana yawo cikin hasken taga kamar ƙananan kifaye. Mahaifiyarta tana jera burodi a kan katako tana waƙa ƙasa-ƙasa. Sai muryar Anti ta iso daga nesa, “Uwar Barci, kin ɗinke bakin labulen da hannun rigarki.” Anti ta ɗauke ta daga keke ta mai da ita wajen ninke kaya, ta shimfiɗa mata ragowar yadi a bayan kanta don ta riƙa miƙewa. A nan takan kwanta, labulaye suna kaɗawa a samanta a hankali, ta rasa ko barci take ko ido biyu.

Baba yana zuwa kullum. Ya daina sauka da wuri. Yakan zauna ya ga ta ci, ya ga yadda take dafe ciki bayan an jima, yadda idonta ke lumshewa tana tsakiyar magana. Wata safiya ya zo da tawul ɗin, amma ya ƙi buɗewa.

“Ba sai an kai ƙarshe ba. Ya isa haka.”

“Saura kaɗan, Baba. In na tsaya yanzu wahalar ta tashi a banza.”

Ya buɗe, ya yanka siriri, ya kau da kai har ta gama.

Jinin ya nuna. Aka sa mata ranar duba hanji, maigidanta ya ajiye mota ya raka ta. Aka yi mata allura, ta ji kamar ana saukar da ita a hankali cikin ruwa mai ɗumi, da ta buɗe ido an gama, yana zaune gefenta riƙe da takalmanta. Bayan kwanaki likita ta kira ta ta ce siliyak ce, daga yau ita da alkama har abada. Uwar Barci ta yi tsammanin za ta yi kuka. Da ta fito sai ta ji yunwa kawai, ta sayi ayaba ta ci a tsaye a bakin ƙofar asibitin.

Suka juya kicin. Ta ware tukunyarta da katakon yankanta da cokalin katako, maigidan ya ɗaura musu jan zare don kada a haɗa. Ta koyi karanta bayan kowane gwangwani da kowace leda, ta gano alkama a inda ba ta taɓa zato ba, a garin miya na kanti, a wasu alewoyi. Sayayyar da takan gama nan da nan ta koma cin rabin yini. A bikin wata abokiyar aiki ta zauna da lemo a hannu ana ta wucewa da kek, wata tsohuwa ta ce mata, “Ɗan kaɗan ai ba ya kisa, 'yar nan.” Ta yi murmushi ta ce ta gode.

Aka gwada Tsuntsuwa, ba a ga komai ba. Likita ta ce a sa ido, a sake dubawa in ta ƙara girma ko in wani abu ya canza. Saura Baba. Ya ce shi da ya kwana cikin fulawa tun yana saurayi, in da za ta kashe shi da ta kashe. Sai da jikar ta riƙe masa hannu ta ce, “Ni ma an tsira mini allura, ban yi kuka ba. Ango matsoraci.” Ya je.

Ranar da sakamakonsa na ƙarshe ya fito, ita ta raka shi. Likita ta ce shi ma yana da ita, kuma da alama ta daɗe. Ta tambaye shi ko yana yawan gajiya, ko cikinsa na damunsa. Ya ce ai duk mai aikin murhu haka yake, ciki ya yi ta ƙugi, ƙafa ta yi nauyi, ƙashi ya yi ta ciwo. Bai taɓa ɗauka ciwo ba ne.

A hanyar dawowa suka zauna a benci a wani ɗan lambu. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

“Ashe daga wajena kika samo.”

“Baba, ba kai ka zaɓa ba.”

“A shekaruna kuma me zan bari? Kwana nawa ya rage?”

“Ka gwada dai. In ba ka ji bambanci ba, ba zan ƙara yi maka magana ba.”

Kwana biyu bai hawo ba, a na uku ya zo hannu wofi, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ta zuba masa dankali da ƙwai, suka ci tare. Ya ce ba laifi, gishiri ne ya yi kaɗan. Ya ba wa maƙwabciyarsa ragowar buhun fulawa. Sau ɗaya ya karya doka ya ci burodi, a gidan wani tsohon abokin sana'arsa, ya kwana biyu a kwance, ya kira ta da kansa ya faɗa mata tun kafin ta tambaya.

Nasa sauƙin bai zo da wuri kamar nata ba. Watanni suka shuɗe. Ita ta yi ƙiba kaɗan, ta koma kan keke, Anti ta fara tura ta gidajen mutane auna tagogi.

Wata la'asar tana kan tsani a wani gida da ba a tare ba tukuna, ɗakunan fayau, iska tana shigowa ta ko'ina, wayarta ta yi ƙara.

“Ina bakin gada,” in ji Baba.

“Wace gada? Me ya kai ka can?”

“Fita na yi in sayi batir, sai na ga ƙafar ba ta gaji ba, na yi ta tafiya. Akwai masu kamun kifi a nan. Ruwan kore ne, ban san kore ba ne.” Tana jin motoci suna wucewa ta bayansa. “Yanzu ban san me zan yi da sauran yinin ba.”

Ta sauko daga tsanin ta zauna a matakin ƙarshe.

“Ka hau bas ka zo ka riƙe mini tef ɗin awo, Baba. Tagogin gidan nan sun fi hannuna tsawo.”

Ya tambayi sunan titin, ta faɗa masa, ya maimaita sau biyu don kada ya manta. Ta ajiye wayar ta je ta buɗe ƙofar gaba, ta dawo ta ci gaba da auna ƙananan tagogin kafin ya iso.