Ko Da Jariri Ne

A karatun matan aure na garin Kona, Liman Gazali ya zo kan bayanin wane ne sahabi. Ya ce malamai sun yanke cewa shi ne wanda ya haɗu da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana mai imani, ya kuma mutu a kan haka. Makaho yana ciki. Jaririn da aka kai gabansa ma da yawa sun lissafa shi, ko da bai tuna komai ba. Wanda ya iso Madina bayan an yi jana'iza kuwa, duk son da yake yi, ya makara.

Mata suka yi ta salati. Aziza kuwa nan karatun ya tsaya mata, don hankalinta ya tafi wajen ubanta Haladu, wanda ya nufi Libiya tana cikin zanen goyo, hamada ta riƙe shi. Ita ce 'yar fari, shi kuma mutumin ruga ne mai kunya har ta yi yawa. Kowa ya shaida bai taɓa ɗaukarta ba, wai don kada a ce ya cika son ɗiya. Tun tasowarta abu ɗaya take so ta sani, ko sun taɓa haɗuwa.

Ta wuce gidan kakarta ta wajen uwa, ta iske ta tana ɓarar wake.

"Iya, don Allah, baba ya taɓa ganina?"

"Yau kuma mi ya taso da wanga zance?"

Iya ta ture ƙwaryar gefe.

"Ranar da za shi tahi ya zo sallama, kina bayana. Ya gaishe ni, ya tambayi awaki, ya sake tambayar awaki, mu da akuya guda gare mu. Sai ya ce bari shi duba igiyarta. Turken kuwa bayana yake. Na ƙi waiwayawa don kar in ba shi kunya. Ya daɗe nan."

"Idona biyu?"

Iya ta so ta yi mata ƙarya, Aziza ta ga haka a fuskarta.

"Kina barci, ɗiyata. Amma na ji an gyara maki hula."