Zubi na Biyu

Aibin Nadim guda ne, shi ma ya san da shi: in ya kafe a kan ƙa'ida, jaki ya fi shi sauƙin juyawa. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da labarin ƙasa a ƙauyensu na duwatsun Lubnan, har ya saba a yi tsit in yana magana.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, mahaifiyarsa, wadda ta shekara biyu a kwance, ta dubi taga ta ce tana marmarin baksama: dusa a kwano, a kwarara mata maɗin inabi.

"Umma, ke fa kika koya mana," in ji Nadim. "Ba a shan zubin fari, shi ke wanke dattin sama. Sai na biyu."

Matarsa Widad ta riga ta ɗauko kwano. "To, malam ya yi magana," ta ce. "Sai mu jira sama ta sa hannu."

Ya karɓe kwanon ya kife.

Da yana yaro wa ke ƙirga zubi? Dusa kan toshe ƙofa, mahaifinsu ya fita ta taga da shebur, su kuma yaran su hau soro suna turo ta ƙasa kada rufi ya rufta. Kafin safarsu ta bushe a gefen murhu, na biyu ya sauko.

Wannan karon kwana biyu dusar ta yi, ta narke. Nadim ya koma duba hasashen yanayi a waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mako huɗu rana tar, har bishiyar lauz ta tsakar gida ta ruɗe ta yi fure tun lokacinta bai yi ba. Tsohuwa ba ta sake tambaya ba, shirun nan kuwa ya fi gori ciwo.

Ran nan Widad ta tafi kasuwa. Nadim ya kankare ƙanƙarar firijin da suke ajiye kifi da cokali, ya murje, ya zuba maɗi, ya kai.

Tsohuwa ta daɗe tana juya ta a baki.

"Na biyun ne?"

"Shi ne, Umma."

"Ashe sama ta fara cin kifi." Ta ƙara cokali. "Ɗan nan, don kada ku kwaso tari muke faɗa muku haka. Ni da ubanku zubin fari muke sha in kun tafi makaranta."

A shekarar dusa ba ta sake zuba ba.