Ƙofar Ninki da Ƙofar Baibai

Daren jiya na yi wani mafarki mai ban tsoro. Na gan ni a kasuwar hannun jari tare da Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Yana rungume da kuɗin sallamarsa a cikin ƙwarya, kuɗin suna numfashi a hankali kamar ƴan tsaki.

A kasuwar, da ludayi ake auna hannun jari. Kowa na sayen daidai ƙarfinsa ya tafi. Amma Kawu bai tsaya ba, ya ja ni har ƙarshen layi, inda wasu ƙofofi biyu suke. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a bakinsu, hular hukuma a tsakanin ƙahonninsa.

"Baba, ka san abin da ke ciki?" in ji bunsurun.

"Riba," in ji Kawu.

"Wannan Ƙofar Ninki ce. In kasuwa ta hau, ka hau ninki uku. In ta sauka fa?"

"Ni hawa na zo yi."

Bunsurun ya girgiza gemu. "To ba za ka shiga ba. Hukuma ta ce ƙaramin mai jari ba ya wucewa sai ya iya amsa wannan tambayar."

Mutanen da ke bayanmu suka fara ihu, suna cewa kuɗinsu ne, babu mai hana su. A gabanmu manyan attajirai suka riƙa wucewa, bunsurun yana ɗaga musu ƙofato. Ran Kawu ya ɓaci.

"Su ba mutane ba ne?"

"Su in sun faɗi, akwai katifa a ƙarƙashinsu," in ji bunsurun.

Sai ga wata hawainiya sanye da kwat, ta ce ita dillaliya ce. Ta nuna mana wani rami a gindin katanga. Kafin in buɗe baki, Kawu ya durƙusa ya shige. Na bi shi.

Muka ɓullo a bayan Ƙofar Ninki, cikin wani ɗaki marar taga. Ƙwaryar ta ɓace, kuɗin sun shige jikin Kawu. Aka kaɗa ƙararrawa, wata murya ta ce kasuwa ta hau. Nan take Kawu ya miƙe, ya yi tsawo har hularsa ta taɓa rufi. Ya yi dariyar da ban taɓa ji ya yi ba.

"Sabitu, ka gan ni?"

"Na gan ka, Kawu. Mu tafi haka nan."

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Kasuwa ta ɗan sauka, Kawu ya dawo iya ƙuguna. Aka sake kaɗawa, muryar ta ce kasuwa ta koma daidai inda take da safe. Na jira Kawu ya koma yadda yake. Bai koma ba. Kasuwa ta yi ta hawa da sauka, kowane zagaye yana cin wani abu daga jikinsa, har ya tsaya iya gwiwata, rigarsa tana jan ƙasa.

"Kar ka damu, Alhaji," in ji hawainiya, ta rikiɗe ta zama koriya. "Ga Ƙofar Baibai nan. A can in kasuwa ta faɗi, kai ka tashi."

Muka shiga. A ɗakin Baibai mutane a kan rufi suke tsaye, kawunansu a ƙasa. Duk sun ɗaga hannu suna addu'a kasuwa ta rushe. Na ji Kawu, mutumin da bai taɓa yi wa kowa mugun fata ba, yana cewa amin da wata siririyar murya. Tsoro ya ƙara kama ni.

Kasuwa ta hau. Ta sake hawa. Na durƙusa ina laluben rigar Kawu, na same shi a cikin aljihu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ɗora shi a tafin hannuna. Na nemi hawainiya, ta riga ta zama launin bango.

Na fito a guje zuwa wurin bunsuru.

"Ranka ya daɗe, ka taimaka! Ka mayar da shi!"

Ya cire tabarau, idanunsa sun yi ja. "Ƙofa aka ba ni in tsare," in ji shi. "Shi ramin kuwa, na kai rahotonsa, an ce ana nan ana nazari."

Sai ruwan sama ya ɓarke, amma daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama. Na dunƙule hannu da ƙarfi. Wani ɗigo ya kutsa tsakanin yatsuna, ya ɗauki Kawu ya yi sama da shi. Na yi tsalle, ƙafafuna suka ƙi barin ƙasa.

"Sabitu!" ya kira ni daga can. "Me zan ce wa Inna Ladidi?"

Matarsa ke nan. Na ɗaga kai ina kallonsa yana ta ƙanƙancewa a cikin gajimare.

Sai na ji wata ƙara mai cika kunne. Na buɗe ido. Maƙwabciyarmu ce ta tayar da injin markaɗe, ni kuma hannuna na nan a dunƙule, har farce ya huda tafina.